Ɗakin Baƙin Inna Wa-Ya-Aiko-Ka

A bakin Baba na fara jin sunan. Wani mutum ne ya ƙwanƙwasa mana ƙofa da hantsi, ya ce daga ma'aikatar ruwa yake, ya zo duba mita. Umma ta tsayar da shi a waje ta hau shi da tambaya: ina katinsa, wa ya turo shi, me ya sa ba wanda ya saba zuwa ba ne ya zo. Bayan bawan Allah ya tafi yana share gumi, Baba ya sauke jaridarsa ya ce, "Ke fa kin kusa zama Wa-Ya-Aiko-Ka." Umma ta ce gara ta zama ita, da a kwashe mata kaya tana ba ɓarawo ruwan sha. Ina aji biyu a sakandare lokacin, na ɗauka wata dodanniya ce ta cikin tatsuniya. Sai daga baya na san mace ce mai rai, tana da shagon buga takardu a layin bayan tashar mota, tsakanin mai ɗaukar hoto da mai gyaran agogo.

Shekara shida bayan haka na zauna a gabanta, a kan maganar muryar Kaka.

A shekaru biyun ƙarshe na rayuwar Kaka, mahaifiyar Baba, nakan zauna a gefen gadonta da yamma in kunna waya, ita kuma tana ba ni labari: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wane ne ya yi fushi ya bar gida bai dawo ba. Sau arba'in da ɗaya na ɗauki muryarta. Duk na kwashe na zuba a kwamfutar gidanmu, wata tsohuwa mai akwati da Baba ya samo a wurin aikinsu, wadda ke zaune a kusurwar falo an rufe ta da mayafin tebur. Wayar kuwa ta faɗa bokitin wanki wata biyu bayan rasuwar Kaka, ba ta sake tashi ba. Ke nan duk duniya babu inda muryar ta rage sai cikin wannan akwatin.

Yaya, babban wana, shi ya naɗa kansa likitan kwamfutar. Ya ji ana ta zancen bairos, cutar kwamfuta, sai ya saukar mata da antibairos na kyauta har guda uku. Biyu ya nemo da kansa, na ukun kuwa wani abokinsa ne ya tura a guruf ɗinsu na waya. Da Baba ya tambaye shi dalilin uku, ya ce, "Baba, gidan da ke da masu gadi uku ai ya fi mai guda ɗaya barci."

Ba mu ga barcin ba. Kwamfutar ta koma kamar mai ciwon ƙafa, sai ka kunna ta ka je ka ɗora ruwan shayi ka dawo ba ta gama farkawa ba. Ran wata Asabar da safe na zauna zan saurari Kaka, sai wani jan allo ya rufe komai. Ya ce an samu bairos ɗari biyu da goma sha huɗu, a danna nan a share su yanzu, in ba haka ba komai zai lalace. Har da agogo yana ƙirga mintuna.

Yaya ya miƙo hannu ta bayan kafaɗata. Na riƙe hannun.

"Sake ni mana. Ba ki ga abin da ya ce ba?"

"Na gani. In ya share har da Kaka fa?"

"Kaka bairos ce?"

Na sunkuya na zare wayar wuta daga bango. Baba da ke jin mu daga ɗaki ya ce a kai wa Wa-Ya-Aiko-Ka. Umma ba ta so ba. Ta ce masu gyara duk uwarsu ɗaya, su cire sabo su sa tsoho, su kuma zauna suna kallon hotunan mutane. Da ta ga ba makawa, ta ɗauko jan farce ta ɗiga a kan kowane sukuru na bayan akwatin, don in an kwance ta gane.

Shagon ƙarami ne, mutum huɗu sun cika shi. Akwai tebur biyu. Na ciki yana da kwamfuta mai tsabta da firinta, da takardu a jere kamar an auna da ma'auni. Na bakin ƙofa kuwa wata tsohuwar kwamfuta ce a kai, launinta ya koma na haƙorin tsoho, an manna mata takarda an rubuta Ɗakin Baƙi. A saman kabad akwai tafireta a rufe da leda. Matar da kanta gajera ce, ta haura sittin, tabarau ɗinta na rataye a wuya da igiya baƙa. Ta amsa gaisuwarmu cikakkiya, har ta tambayi mutanen gida, sannan ta dubi akwatin da Yaya ya rungumo ta ce, "Wa ya aiko ku?"

Na faɗi sunan Baba da wurin aikinsa. Ta ce ta san shi, mai son a sake masa layi ɗaya sau uku. Ta sa tabarau ta zagaya akwatin, ta tsaya a kan jajayen ɗigon.

"Wannan aikin waye?"

Kunya ta kama ni. Na ce Umma ce.

"Ki gaishe ta. A gidanku ita kaɗai ce mai hankali."

Yaya ya ce to za mu bari mu dawo jibi. Ta ce ba ta karɓar ajiyar da mai ita ba ya kallo. Ta jawo mini kujera kusa da ita, ta ce in zuba ido a kan hannunta, duk abin da ta taɓa in ban gane ba in tambaya. Yaya kuma ta nuna masa benci.

Abu na farko da ta yi, ta tabbata babu intanet a jikin kwamfutar, sannan ta kunna. Jan allon ya sake fitowa da agogonsa. Ko kallo bai ishe ta ba, ta ture shi gefe, ta tambaye ni me na fi tsoron rasawa. Na nuna mata foldar da na sa wa suna Muryar Kaka. Ta ɗauko sabon filash daga aljihun tebur, ta ɓare ledarsa a gabana, ta kwafe foldar gaba ɗaya, da ta hotuna.

"Guda nawa kika ce?"

"Arba'in da ɗaya, Inna."

"Talatin da takwas nake gani."

Na ƙirga da yatsa a kan allo, na sake ƙirgawa. Yaya ya taso daga benci ya ce ai ga shi nan, bairos ɗin sun fara ci, da an bar shi ya danna tun safe da ba a kai nan ba. Yanzu ma a cire duka ukun kawai, a share komai, a huta.

"Ɗana, koma ka zauna," in ji ta. "Bari in fara da wannan mai ihun."

Ta tambaye shi inda ya samo jan. Ya nuna mata saƙon abokin nasa a wayarsa. Ta tashi ta koma teburin bakin ƙofa. A nan na fahimci ma'anar takardar da aka manna. Tsohuwar kwamfutar babu komai a cikinta, ko hoto ɗaya, kuma duk lokacin da baƙo ya gama zama a ciki takan wanke ta tas. Duk wata manhajar da za ta shiga kwamfutar aikinta, ko ta wani da ya kawo, sai ta fara sauka a nan. Ta saukar da jan a cikinta muna kallo. Bai yi minti biyu ba ya rufe allon da ja, ya fara ƙirga mintuna.

"Karanta mini, 'yata. Idona ba shi da kyau."

Na karanta. Bairos ɗari biyu da goma sha huɗu.

"A ɗakin da ko tsintsiya babu." Ta juya ta dubi Yaya ta saman tabarau. "Ko ɗaya bai ƙara ba, ko ɗaya bai rage ba. Ka ba kura ajiyar nama, har ka ɗinka mata rigar gadi."

Yaya ya ce amma abokin nasa masanin kwamfuta ne. Ta ce shi ma wani masanin ne ya tura masa.

Sauran biyun ta ce na gaske ne, ba ƙarya suke ba, sai dai kowanne na ganin ɗan'uwansa ɓarawo, sun bar ƙofa suna kokawa a tsakar gida, shi ya sa kwamfutar ke jan ƙafa. Yaya ya ce to a cire su. Ta ce za a cire, amma kafin ka sallami mai gadi sai ka leƙa ɗakinsa. Ta buɗe wani wuri a cikin na farkon, inda yake kulle duk abin da ya zarga. Babu komai. Ta buɗe na biyun. Ga sunayen da na rubuta da hannuna, guda biyu, a tsare. Ranar da na kwaso su daga waya filash ɗin Yaya na ara, shi kuwa akwai cuta ta gaske a cikinsa, sai mai gadin ya haɗa da mai laifi da marar laifi ya kulle. Da an cire shi yadda Yaya ya so, da ya tafi da su.

Ta duba su, ta sake su, ta kunna ɗaya. Muryar Kaka ta cika shagon tana cewa in matso da abin kusa, ba ta son ɗaga murya. Mai gyaran agogo ya leƙo ya koma.

"Arba'in ke nan," in ji Inna. "Saura ɗaya. Wa ya taɓa shiga ɗakin nan kafin ni?"

Yaya yana kallon takalminsa ya ce makon jiya ya shiga, ya ga wasu abubuwa a kulle, bai karanta sunayen ba, ya danna share a kan guda ɗaya. Don ya gwada ne kawai, ya ga ko kwamfutar za ta ƙara sauri.

Ba ta yi masa faɗa ba. Ta ce, "Gwaji ba laifi ba ne. A ɗakin kwana ka yi shi."

Kwana biyu tana neman wannan guda ɗayan, ina zaune a gefenta, muna zuwa da akwatin da safe mu koma da shi da yamma. Ba a same shi ba. Na san wanne ne. Shi ne ranar da Kaka ta jero sunayen 'yan ɗakinsu su tara, daga babba har auta, da inda kowanne ya ƙare. A rana ta biyu da la'asar Inna ta cire tabarau ta ce ya tafi, ba za ta yi mini ƙarya ba. Na yi kuka a shagon mutane. Ta bar ni na gama, sannan ta buɗe farar takarda a kwamfutarta ta ɗora yatsu.

"Sau nawa kika saurare shi?"

"Sau uku, ko huɗu."

"To faɗo. Yadda ta faɗa, ba yadda aka koya miki a makaranta ba. Inda kika manta ki ce kin manta, kada ki cike da naki."

Na rufe ido ina faɗa, tana bugawa ba ta kallon yatsunta. Ban taɓa ganin sauri irin wannan ba, tana gama jimla kafin in haɗiye yawu. Na tuna bakwai. Baba ya ƙara ɗaya da muka koma gida. Ta tara, wata ƙanwar Kaka da ta rasu tana ƙarama, har yau ba mu samo sunanta ba. A takardar Inna ta bar layi a buɗe a gurbinta, ta fitar da kwafi uku.

Kwafi uku tsohuwar al'adarta ce. A kwanakin da na yi ina zuwa na tsinci labarinta kaɗan-kaɗan, rabi daga bakinta, rabi daga mai gyaran agogo. Tana da shekara goma sha tara ta fara buga tafireta a ofishin wani kamfanin sufuri, ta yi shekara ashirin da shida a kujera ɗaya. Kowace wasiƙa da takardar kabon biyu take buga ta, ɗaya a aika, ɗaya a fayil, ɗaya ta ajiye inda ita kaɗai ta sani, domin ta sha ganin manya sun musanta abin da suka sa hannu a kai. A can ta koyi zargin zaƙin baki. Ta ce duk wasiƙar da aka ba ta ta fara da yabon ma'aikaci, kafin ta kai ƙasa ta san sallama ce. Da kwamfuta ta zo aka ce masu tafireta su tafi gida, ita ta ƙi, ta koya tana da shekara arba'in da 'yan kai, yaran da ta girme wa suna mata dariya. Da ta bar aiki ta buɗe shagon.

Saura zaɓen wanda zai tsare mana kwamfuta. Yaya, wanda bakinsa ya fara dawowa, ya ce a bar na biyun tunda shi ya kama cutar gaske. Inna ta ce ba ta ƙi ba, amma ya fara kwana bakwai a ɗakin baƙi. Ta sauko da shi sabo daga shafin waɗanda suka yi shi, ba daga saƙon kowa ba. Wajen sakawa ta karanta kowane layi da ƙarfi, yatsa a kan allo, har da ƙananan rubutun da kowa ke tsallakewa. Yaya ya ce a haka sai gemunsa ya yi fari. Ta ce fari a fuska ya fi ja a allo.

Kullum na biyo sai ta ce in zo in ga baƙonmu. Ta ce abin kyauta ba laifi ba ne, amma ka tambaye shi me yake ci, domin babu mai gadin da ke rayuwa da iska. Wani da talla yake ci, wani yana jira ka gaji ka sayi babban wansa, wannan duk da sauƙi. Wani kuwa labarinka yake kwasa ya kai kasuwa. A rana ta uku baƙon ya gayyato wasu manhajoji biyu da ba wanda ya kira su. A ta biyar ya canja shafin da intanet ke buɗewa da shi. A ta bakwai ta ce masa ya tafi, sai da ya tambaye ta sau huɗu ko ta tabbata, kuma ya bar kayansa a baya.

"Kin gani. Ba ɓarawo ba ne, amma baƙo ne mai gayya. Kina son sa a ɗakin kakarki?"

Na ce a'a. Na tambaye ta to wa za mu sa. Sai ta buɗe kwamfutarmu ta nuna mini wani da ya zo tare da ita tun asali, yana nan a kashe. Yaya ya yarda shi ya kashe shi, wai bai taɓa jin ya ce komai ba, ya ɗauka ba ya aiki.

"Mai gadin kirki ba ya tashin mai gida kowane minti don a san yana nan," in ji ta. "Amma ba kwamfutata ba ce. Ke za ki zaɓa."

Na zaɓi mai shirun. Ta kunna shi, ta bar shi ya sabunta kansa, ya bincike ko'ina, ya fitar da cuta guda ɗaya tak, ta filash ɗin Yaya. Ta ce kada in yarda da shi shi ma har ciki, muryar Kaka ta zauna wuri uku, ɗaya kuma ba a gidanmu ba. Umma ta duba sukurorinta ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya, ta samu jan farcenta lafiya, ta ce to, wannan karon.

Na ci gaba da leƙa shagon ko ba ni da aiki. Ba ta taɓa cewa ta ji daɗin zuwana ba, kuma ba ta fasa tambayata wa ya aiko ni. Wata rana da hantsi, wajen wata bakwai da fara zuwana, babu kowa a shagon, ta tura ƙofa ta ce in zauna. Ta ce shekarar da ta fara koyon kwamfuta wani abokin aikinta ya ba ta faifai, ya ce manhaja ce ta kyauta mai wanke na'ura. Ta saka, ya tambaye ta, ta danna eh ba ta karanta ba, ya share komai. Hotunan mijinta da duk abin da ta ɗauka na muryarsa suna ciki, shi kuma bai cika shekara da rasuwa ba. Ita da ta yi shekaru tana kwafi uku na wasiƙun mutane, nata guda ɗaya ta ajiye.

"Abu ɗaya ya tsira, don yana kan wata tsohuwar waya."

Ta kunna mini. Bai kai minti ɗaya ba. Ana jin ƙarar cokali a kofi, sai muryar namiji mai kauri yana cewa, "Kin kunna abin nan ne? Kashe mana, me zan ce?" Sai dariyar mace, wadda ban taɓa ji a shagon ba.

Ta kashe. Ta buɗe aljihun tebur ta ɗauko filash a cikin ambulan, ta riƙe shi ba ta miƙo ba tukuna.

"Ɗaya yana nan, ɗaya yana gidana. Shekara da shekaru ina neman inda zan kai na ukun. 'Ya'yana kirki ne da su, amma duk irin yayanki ne, hannunsu ya fi idonsu sauri. Ke kin yi wata bakwai a ɗakin baƙi, ban ga kin gayyato kowa ba." Ta ɗora ambulan ɗin a tafin hannuna. "Ki ajiye shi tare da kakarki. Duk wata shida ki saka ki saurara har ƙarshe, ki tabbata yana magana. Kada ki zo ki ce mini kin yi, ba zan yarda ba. Ki zo ki faɗa mini abin da ya ce."